Tumatirina Na Ruɓewa A Tirelar Aminin Mahaifina

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 32, ina kasuwanci a Mile 12 a nan Legas. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifina, na gaji rumfarsa ta wake da masara da gero, waɗanda muke sarowa daga Dawanau. Tun ina yaro tirelar wani Alhaji, aminin Baba, ita ke ɗauko mana kaya. Kuɗin motarsa da sauƙi, kuma sau da yawa sai na sayar nake biyansa. Bara na shiga harkar tumatir, har Allah Ya haɗa ni da wani otal a Victoria Island da wani gidan abinci a Ikeja, suna son kaya duk Litinin da Alhamis da sassafe. Maiɗakina kuma tana sayar da kilishi da turaren wuta ta WhatsApp, yayarta ke aiko mata daga Kano. Duka a tirelar Alhaji nake zubawa. Motar takan yi kwana huɗu a hanya, wani lokaci biyar. Lodin ƙarshe, cikin kwando 100 kusan 30 sun fashe. Mai sayo wa otal kaya ya ce in aka kuma, zai nemi wani. Kilishin ma ya iso yana warin turare da man gas. Abokina ya ce in rabu da Alhaji kwata-kwata in koma mota mai sanyi da jirgin sama. Da na taɓa maganar a gida, Hajiyarmu ta ce kada in kuskura in yanke zumuncin mahaifina saboda kuɗi. Na rasa tudun dafawa.

Ɗan kasuwa, daga Mile 12

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ban ga laifin Alhaji a ciki ba. Ban ga laifin tirelarsa ba ma. Motar nan aikin da ta saba yi wa mahaifinka shi take yi maka, ba ta rage komai ba. Kai ne ka canza. Mahaifinka sana'a ɗaya yake yi, kai kuwa uku kake yi a rumfa ɗaya ba ka lura ba: akwai hatsi, akwai kayan gwari, akwai ƙananan saƙonnin uwargida. Kowanne da irin haƙurinsa, kowanne da irin mai sayensa. Ka ɗauke su duka ka zuba a mota ɗaya don kawai ita ka buɗe ido ka gani a ƙofar gida. Shawarar abokinka ma kuskuren nan ne ta wata fuska: shi ma mota ɗaya yake son ka zuba wa komai, sai dai tasa mai tsada ce.

Mu fara da abin da ba ya buƙatar gyara. Wake da masara da gero ba sa gaggawa. Buhun wake in ya bushe da kyau, kwana biyar a hanya ba ya rage masa komai. Mai sayensa a wurinka, ko matar da ke auna mudu a Ketu ce ko mai tuyar ƙosai, ba ta tambayarka yaushe ya baro Dawanau, farashi kawai take tambaya. Kaya mai nauyi, mai jure jira, wanda ribarsa a kan kowane buhu ba ta da yawa, babu abin da ya dace da shi kamar babbar mota mai araha. Ɗora irin wannan kaya a motar sanyi zubar da kuɗi ne. Da a ce jirgin ƙasa na aiki yadda ya kamata, shi ne ma asalin abin hawansa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma shi ya riƙa kwaso gyaɗar nan ta dala zuwa bakin teku. Sabon layin da aka buɗe a 2021 daga Ebute Metta ta Legas ya tsaya ne a Moniya ta Ibadan, don haka bai kai ga biyan buƙatarka ba tukuna. Hatsinka ya zauna a wurin Alhaji. Abin lura biyu ne kawai: tamfol mai kyau da damina, da kuma sanin abin da motar ta ɗauka kafin naka. In taki ta sauke ko siminti ko shanu, a share ta a shimfiɗa wani abu kafin a jera buhu.

Kuma kada ka raina bashin nan da yake ɗaga maka. Mutumin da zai ɗauko maka kaya daga Kano har Legas, tafiyar kilomita dubu ko sama da haka, ya zuba man gas da kuɗinsa, ya sallami na kan hanya, sannan ya ce sai ka sayar, wannan jari ya ranta maka ba ruwa. Je ka tasha ka nemi baƙon direba ka gani ko zai tayar da mota ba ka ba shi kuɗin mai ba.

Yanzu ga tumatir, inda ciwon yake.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mile 12 da asuba lokacin da ake buɗe motar da ta makara, ya san abin da zan faɗa. Tun kafin a ɗage tamfol za ka ga ruwa ja yana ɗiga ta ƙasan bodi, ga wani tsami-tsami da ke dukan hanci. Kwandunan sama sukan fito da kyan gani. Sai an kai sahu na uku, na huɗu, sannan fuskar mai kaya ke canzawa. Ɗan dako ya ɗora kwando a ka, ruwan na bin wuyansa har cikin riga. A gefe kuma ga matan nan tsaye da robobinsu suna jira, ba sa ko taya mai kyau, fasasshen suke so, wanda suke kira esha, kuma su ke yanka masa farashi, don sun san ba ka da inda za ka kai shi.

Abu uku ke kashe tumatir a hanya: lokaci, zafi da danniya. Tumatir ko an tsinke shi yana ci gaba da numfashi, yana fitar da zafi, yana ƙara nuna. In aka cusa shi a tsakiyar buhuna aka lulluɓe da tamfol, zafin ba shi da mafita, sai ya dafa kansa. Kwandon gargajiya kuma bakinsa faɗi, gindinsa tsukakke, cikinsa kaushi, in an jera wani kan wani nauyin a kan 'ya'yan yake sauka. Kowane rami da mota ta faɗa tsakanin Mokwa da Jebba, na ƙasa ne ke biya.

Tirelar hatsi kuwa ba ta san sauri ba, kuma ba a gina ta don ta sani ba. Sai ta jira lodi ya cika. Ta tsaya a Ilorin ta sauke wa wani buhu hamsin, ta tsaya a Ogbomosho, ta tsaya a Ibadan. Direba ɗaya ne, dole ya yi barci. Akwai wuraren da mai hankali ba ya ratsawa da dare, direbobi da yawa ma sun gwammace su yi zagaye da su bi ta Birnin Gwari. Ga shingaye. Duk wannan wake ba ruwansa. Tumatir kuwa kowace awa da aka ƙara, daga aljihunka ake cirewa.

Ga lissafin da nake so ka koya, don shi ne zai raba maka gardama da kowa. Daina tambayar nawa ne kuɗin mota a kan kwando. Tambayi kanka nawa kwandon da ya iso lafiya ya tsaya maka. Bari in ƙirƙiri lambobi don misali, kai ka sa naka na gaskiya. A ce ka sayi kwando a naira 20,000, Alhaji ya ɗauko a 5,000. Kwando 100 sun tashi miliyan biyu da rabi. Guda 70 suka iso da kyau, ke nan kowanne ya tsaya maka wajen 35,700. To a ce wata motar ta caje ka 9,000, kusan ninki biyu, jimla miliyan biyu da dubu ɗari tara, amma 92 suka iso lafiya. Kowanne ya tsaya maka wajen 31,500. Motar da ta fi tsada ita ta fi araha. Na san za ka ce ai fasasshen ma ana sayarwa, gaskiya ne, ka sa ɗan abin da ka samu a ciki, za ka ga bai cike gurbin ba. Kuma ban ma sa asarar otal ɗin a lissafi ba in ya tafi. Araha ba ta ado, in ji mutanenmu.

To wace mota? Ba sai ka yi tsalle daga tirela ka faɗa motar sanyi ba, akwai matakai a tsakani. Mafi kusa shi ne ka shiga lodi da 'yan gwari 'yan'uwanka, a motar da tumatir da tattasai kawai take ɗauka, wadda ke tashi daga Kwanar Gafan ko Danja ba ta sauke wa kowa sai Mile 12. Irin waɗannan sun san abin da suka ɗauko, ba sa zama shan shayi. In kason otal kaɗai za ka ware, ƙaramar mota irin Kanta ko J5 mai direba biyu ta fi, ta yi lodi da yamma rana ta yi sanyi, ta ci dare a inda hanya ke da aminci. Ka tambayi direba tun kafin ciniki: ku nawa ne a gaba, ta ina za ku bi, akwai wanda za ku sauke wa a hanya? Amsar waɗannan ta fi farashin muhimmanci.

Sannan ka bar kwando ka koma kwandon roba mai huji, wanda ake jerawa. Yana ɗaukar wajen kilo 25. Nauyin na sama a kan kusurwoyin robar yake sauka, ba a kan tumatir ba, iska kuma na ratsawa. Ana saye, ana kuma bayar da haya. A ganina wannan canjin kaɗai zai rage maka asara fiye da canjin mota. Ka kuma gaya wa mai saro maka a gona ya daina tsinko wanda ya nuna jawur. Wanda ya fara juya launi, ja-ja da ɗan kore a jikinsa, shi ke ƙarasa nuna a hanya ya iso daidai.

Motar sanyi tana da kyau, amma ka yi hattara da abu biyu. Na farko, ba kowane sanyi ne tumatir ke so ba. Wajen digiri 12 zuwa 13 ya ishe shi. In aka sa shi a motar da aka saita don daskararren kifi ko kaji, zai fito da kyan gani, bayan kwana ɗaya ya yi laushi ya yi tabo, ɗanɗanon ya tafi. Na biyu, kuɗinta ba ya fita sai an cika ta, kai kuma kwastomomi biyu gare ka. Sai dai in za ku haɗu ku da yawa. Jirgin sama kuwa a kilo yake caji, tumatir kuma kusan duk ruwa ne. Kuɗin jirgi za ka biya wa ruwa. Bar wannan maganar.

Akwai abin da ban ji ka ambata ba, kuma shi ne ya fi damuna: ka taɓa zama da mutumin otal ɗin ka tambaye shi ainihin abin da yake saye a wurinka? Matar kasuwa araha take saye. Shi kuwa alkawari yake saye. Yana son ƙarfe bakwai na safiyar Litinin kaya su kasance a ƙofar kicin, girmansu ɗaya, ba tabo, don shi ma akwai wanda zai tuhume shi. Irin wannan kwastoma yakan yarda ya ƙara kuɗi in ya tabbata ba za a kunyata shi ba. Saboda haka tsadar motar gaggawa ba daga ribarka za ta fita ba, cikin farashinsa za ka sa ta, ka kuma faɗa masa dalili ƙiri-ƙiri. Ka tambaye shi nawa yake buƙata na yanka a faranti, nawa na miya. Na miya ba ya buƙatar kwalliya, kana iya ba shi daga lodin gama-gari a farashi mai sauƙi. Gidan abincin Ikeja ma wataƙila rabin abin da suke karɓa markaɗawa suke yi. Ka ga ke nan ba duk tumatirinka ne ke buƙatar motar tsada ba, wani kaso ne kawai. Ka kuma yi maganar ranar biya tun yanzu. Irin waɗannan wurare sukan ja kuɗi zuwa ƙarshen wata, direban ƙaramar mota kuwa a tasha yake karɓar nasa. In ba ka tsara wannan ba, za ka wayi gari da kwastoma mai kyau da aljihu wayam.

Kada ka sa kayan Litinin su iso ranar Litinin. Su iso Asabar da dare ko Lahadi, ka zazzage, ka tsince, ka jera a inuwa inda iska ke kaɗawa. Hanyar Arewa ba ta da alkawari. A 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye, motoci suka koma dogon zagaye. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki, kowa ya ga yadda Mile 12 ta koma. Don haka ka sami mutum ɗaya ko biyu a cikin kasuwa da za ka iya sayen kwando goma masu kyau a hannunsu ranar da motarka ta maƙale, ko da ba riba. Faɗuwar rana ɗaya ta fi rasa otal. Haka nan ka tuna tumatirin rani na Kadawa da Kura ba ya kai shekara. Daga wajen Mayu zuwa Agusta kaya kan yi ƙaranci, otal kuwa ba ya rufe kicin don damina ta sauka. Tun yanzu ka fara neman inda za ka riƙa samu a lokacin, kuma in wurin ya fi kusa da Legas, lissafin motar ma gaba ɗaya zai canza.

Wani wurin da ake yawan yin sakaci shi ne ɗan guntun da ya rage, daga Mile 12 zuwa ƙofar kwastoma. Na taɓa ganin kayan da suka yi tafiyar kwana biyu lafiya lau, suka zo suka lalace a bayan buɗaɗɗiyar akori-kura cikin cunkoson gadar Third Mainland da rana tsaka. Gadar nan kusan kilomita 12 ce, in ta cushe ba inuwa ba wurin juyawa. Ka fita kafin a kira assalatu, a mota mai rufi. Kada ka dogara da ɗan acaba: tun 2022 gwamnatin Legas ta hana su aiki a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja da Eti-Osa inda kwastomominka suke, daga baya aka haɗa da Kosofe inda kasuwarku take.

Saura kayan uwargida, kuma a nan abokinka ya yi rabin gaskiya. Kilishi ba shi da nauyi, kuɗinsa da yawa a ɗan ƙaramin ƙunshi, masu sayensa kuma sun riga sun tura kuɗi suna ta aiko saƙon "ya iso?" Irin wannan kaya shi ya cancanci sauri. A ba motar fasinja da ke tashi kullum, a karɓi takardar webil, wato shaidar aika kaya, da lambar direba, ko a bi ta jirgin sama in odar ta taru, tunda tafiyar Kano zuwa Legas a sama wajen awa ɗaya da rabi ce. Kuɗin aikawa in an raba shi a kan kowane ƙunshi ba zai yi zafi ba, masu saye ta waya kuma sun saba biyan kuɗin kawowa. Amma ko a wace mota, kilishi da turare ba sa kwana a kwali ɗaya. Nama mai mai yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi. A nannaɗe kilishi a takarda, a sa a leda mai kauri a like, a kwali nasa daban. Turaren wuta na itace ba ya lalacewa, yana iya bin tirelar Alhaji abinsa in an rufe shi da kyau an nisanta shi da buhunan abinci. Humra da sauran na ruwa kuma a tambaya kafin a kai filin jirgi, don kamfanonin jiragen sama suna da tsauri a kan ruwan da ke iya kamawa da wuta. Kuma, wannan tsakanina da kai ne, ka bar ta ta zaɓi hanyar aiko da kayanta da kanta. Ita ke shan ƙorafin kwastoma, ba kai ba.

Sai maganar Hajiya da Alhaji. Hajiya ta yi gaskiya, zumuncin uba ba abin wasa ba ne. Sai dai ina jin yadda ka kai mata maganar ne ya tsorata ta. Ka koma ka ce mata ba barin Alhaji za ka yi ba, hatsi na nan a hannunsa kamar yadda Baba ya bari, tumatir ne kawai za ka raba wa mota. Ka nuna mata lissafin kwando talatin ɗin nan. Uwa ba ta son ganin jarin marayu na tsiyayewa a ƙasan bodi.

Shi kuma Alhaji, kada ka yarda ya ji a bakin 'yan kamasho cewa ka yi lodi a wata mota. Wannan shi ne zai zama cin fuska, ba canjin motar ba. Ka taka ka same shi har gida, ba a tasha cikin mutane ba, ka riƙe ɗan goronka. Kada ka ce motarsa na ɓata maka kaya. Ka ce, "Baba, na shiga harkar gwari ban san kanta ba, ga asarar da nake ta yi, na zo ka ba ni shawara. Wane direba ka yarda da shi a masu ƙananan motoci?" Mutumin da ya shekara talatin a kan hanyar nan ya san wanda ke da amana da wanda ke sauke kayan mutane a Ogbomosho ya ce an yi hatsari. Kuma kada ka yi mamaki in ya ce maka dama ya daɗe yana son ya gaya maka, kunya ce ta hana shi. Babu direban da ke jin daɗin wanke ruwan tumatir daga bodin motarsa, ko jin masu wake na ƙorafin an jiƙa musu buhu.

Akwai ma aikin da za ka ƙara masa. Robobin nan in an juye su dole su koma Arewa, kuma su ba sa gaggawa, ba sa ruɓewa. Tirelarsa in ta juya ta tafi da su, ka biya shi kuɗinsu.

In akwai ragowar kuɗin motarsa a hannunka, ka kai masa su cif tun kafin wannan zama, a wata rana daban. Ka bar kwana biyu ko uku su wuce, sannan ka koma da goron.